Ranar da Gwiwata Ta Ƙaryata Ni a Gaban Likitoci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kira ni a waya aka ce likitoci sun sa mini rana ba. Ina tsaye a ɗan kicin ɗinmu na unguwar Balad a Jidda, na jingina da bango, ina kallon shinkafar da na ɗora. Makonni kaɗan ke nan da rasuwar matata Ramlatu, kuma har lokacin ban gane yawan ruwan da shinkafa take so ba. Mai kiran shi ne wanda yake yi wa kamfaninmu zirga-zirgar takardu. Ya ce, "Ya Abu Salma, mabruk. Ranar Talata ta sama lajna za ta gan ka. Ka zo da wuri." Na ce na gode. Na ajiye wayar na juya zan gaya wa Ramlatu, don ta fi ni jiran wannan kira. Sai da na juya ɗin na tuna. Shinkafar ta kama, na ci abata haka.

Bari in koma baya kaɗan don a gane. Ni ɗan dako ne a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Tun ina saurayi na zo daga wani ƙauye na ƙasar Kano, na samu iƙama, wato takardar izinin zama, a hannun kamfanin, na yi ta ɗaukar buhu har furfura ta fara fito mini. Wata rana jerin buhunan shinkafa ya zame ya danne mini ƙafar dama. (Shi ya sa nake ganin ni da shinkafa akwai tsohuwar gaba.) Aka yi mini aiki a gwiwa, aka sa ƙarfe. Na warke iya warkewar da zan yi, amma gwiwar ta daina lanƙwasuwa yadda ya kamata. Salla ma a kujera nake yi tun daga lokacin.

Lajna kuwa kwamitin likitoci ne na inshorar ma'aikata. Su ne za su duba mutum su rubuta ko aiki ya naƙasa shi. Shugaban sitonmu ya gaya mini magana a fili: idan sun rubuta gwiwar ta lalace, zan samu haƙƙina, kuma zai ba ni kujera a bakin ƙofa in riƙa duba motocin da ke shiga da fita. Idan sun rubuta lafiyata lau, to ko in koma ɗaukar buhu, ko a soke iƙamata in koma gida. Buhu ba zan iya ba. Komawa gida kuwa, a da ba zai dame ni sosai ba. Amma yanzu Ramlatu tana kwance a ƙasar Jidda. Kabari a nan ba a yi masa alama, amma na san layin da take, kuma duk Juma'a nakan je in tsaya a wurin. Ban shirya barin garin ba.

Ramlatu haifaffiyar Jidda ce. Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa sai ta haɗa da shi take tafiya. Ita ta matsa aka kai takarduna, kuma tun ana jiran rana ta fara yi mini gwaji. Sai ta zauna a kujera, ta ɗora tabarauna a kan hancinta, ta ajiye kwanon dabino a cinya, ta zama likita.

"Kef halak, ya hajji? Yaya ƙafar?"

Sai in ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi."

Kafin in rufe baki ƙwallon dabino ya same ni a goshi.

"Ya shekh! Likita ba gaisuwar hanya yake yi maka ba. Tambaya yake don ya ji. Jiya waye ya kasa barci? Ni ce?"

"To ai an ce yaya ƙafa. Me mutum zai ce?"

"Ya ce tana ciwo! Ka gode wa Allah, na'am, sannan ka faɗi abin da ke akwai. Kar ka ƙara, kar ka rage. Halas. Yalla, mu sake."

Mu sake, in sake cewa da sauƙi. Ni haka aka tashe ni. A garinmu ko mutum yana kan gargara aka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Na sha ƙwallon dabino a goshin nan ba adadi. Ta ce ranar da za a je ita za ta raka ni ta yi mini tafinta, don idan aka bar ni ni kaɗai zan fito da takardar da ta ce na fi doki lafiya. Allah bai nufa ba. Ta kwanta kwanaki kaɗan, shi ke nan.

To da kiran nan ya zo, sai na rasa wanda zan nufa. 'Yarmu Salma tana aure a Madina, ban so in tayar mata da hankali. Akwai mahaifin Ramlatu, Baba, tsohon tela, yana nan Balad ɗin, tsakaninmu ba nisa. Shi yana yaro aka zo da shi daga ƙasar Hausa ta Sudan, ya san Larabci ya san ofisoshi. Amma surukina ne. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa tsayawa a kansa ba. Idan na hango shi, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. 'Yan Jidda su kan sumbaci goshin babba ne su wuce, don haka ƙannen Ramlatu dariya suke yi mini. Shi kansa yakan ce, "Malam, nan Jidda ce, tashi." Amma Ramlatu ta gaya mini yana jin daɗin abin, wai ina tuna masa da yadda mahaifinsa yake gaida manya.

Tun da na ji ciwon nan sai na shiga wasan ɓuya da shi. Ba zan iya durƙusawa ba, kuma ba zan iya gaishe shi a tsaye ba. Sai in aika Ramlatu da gaisuwa. Idan na ji zai zo gidan, in tuna ina da wani uzuri a masallaci. Kwanakin zaman makoki a jere muka zauna a kan kujeru, mutane suna wucewa suna yi mana gaisuwa, don haka ban sha wahala ba. Bayan an watse na ci gaba da ɓuyata. (Mutum mai furfura yana leƙen lungu kafin ya shiga. Allah ya kyauta.)

Sai na nufi kasuwar Bab Makka wurin abokina Ilu. Ilu Badamagare ne, yana tsaron shagon yadi na wani Bayamane, kuma tsakanin Bakano da Badamagare an san abin da ke akwai. Babu ofishin da Ilu bai san sirrinsa ba a Jidda. Ya san wanda ake gani da wanda ake gujewa, ya san ranar da ma'aikata suke cikin fara'a. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, Ilu Umra ya zo ya maƙale, ba shi da iƙama, saboda haka bai taɓa taka ƙofar ko ɗaya daga cikin ofisoshin nan ba. Ko motar 'yan sanda ya hango sai ya shige bayan yadi.

Na gaya masa. Ya kalle ni tun daga hula har takalmi, ya girgiza kai.

"Bakano, a haka za ka je? Ka yi wanka, ka sa turare, ka goge jallabiya kamar mai neman aure? Wallahi ko ni ne likitan buhu biyu zan ɗora maka."

Na ce, "Marigayiya cewa ta yi kar in ƙara, kar in rage."

Ya ce Allah ya jiƙanta. Sannan ya ce, "Ita tana da bakin da za ta faɗa musu. Kai Larabcinka na sito ne: ɗauka, ajiye, yalla. Wanda ba shi da baki sai jiki ya yi masa magana. Bon, tashi mu fara."

Darasin Ilu ba shi da wuya. Ka da in yi aski. Ka da in sa turare, kuma daga jajiberi in ƙaurace wa sabulu, wai mai ƙamshi ba ya kama da mai ciwo. In sa tsohuwar jallabiya. Ya aro mini sandar ƙarfe irin ta asibiti, alhali ni da 'yar sandata ta katako nake yawo lafiya lau. Sannan ya ba ni kalma guda da ya ce ita ce mabuɗi: ma agdar, wato ba zan iya ba.

"Duk abin da suka ce ka yi, ma agdar. Ɗaga ƙafa? Ma agdar. Hau bene? Ma agdar. Kar ka tsaya tunani, tunani ne yake kayar da Kanawa."

Kullum bayan La'asar sai in je shagon, in yi ta kai da komo tsakanin bandiran yadi, Ilu yana zaune yana gyara mini tafiya. "Ƙara nishi. A'a, wannan nishin mai naƙuda ne, rage. Saki kafaɗa. Fuskar fa? Kai kamar wanda aka yi wa albishir!" Wata rana ina cikin yi, wata Hajiya da ta zo sayen yadi ta tsaya ta kalle ni, ta buɗe jaka ta danƙa mini riyal a hannu, ta ce Allah ya ba ni lafiya. Na tsaya riƙe da shi kamar an dasa ni. Ilu ya jira ta fita, ya fizge ya ce, "Ka ci jarrabawa. Wannan na shayin malami ne."

Gaskiya abin yana damuna idan na koma gida. Ciwon nan na gaske ne, ba aro na yi ba. Amma tun da na fara yi masa ado sai na riƙa jin kamar ƙarya nake. Tabaraun nan yana nan a inda take ajiye shi. Nakan kalle shi in kau da kai.

Ranar Talata na tashi na yi yadda aka ce. Alwala kawai na yi, na zura tsohuwar jallabiya, na ɗauki sandar aro, na tari tasi. A ɗakin jira na tarar da mutane, wani da hannu a naɗe, wani da wuya a ɗaure, kowa ya yi jugum. Na zauna ina maimaita kalmata a zuci kamar mai lazimi.

Da aka kira ni na shiga. Dogon tebur ne, likitoci uku a bayansa, da wani nas a tsaye a gefe. Na tsakiyar dattijo ne Bamisire, ya ɗora tabarau a kan hancinsa daidai yadda Ramlatu take yi. Da na ga haka sai na kau da kai. Ya nuna mini kujera ya ce, "Tafaddal, zauna."

Ni kuwa na riga na ɗana baki tun daga ɗakin jira. Sai na ji na ce, "Ma agdar."

Ya ɗaga gira. "Zaman ma ba ka iyawa?"

Ina zan janye? Na ce, "Ma agdar."

"To, tsaya."

Haka na tsaya, kujera tana gefena babu kowa a kai, gwiwa tana yi mini zugi. Wannan ita ce riba ta farko da na ci daga makarantar Ilu.

Ya duba takarduna, ya ce, "Kef halak? Yaya ƙafar?" Na ce, "Alhamdulillahi," kuma da sauƙi ta riga ta hau kan harshena. Wallahi sai na ji kamar wani abu ya taɓa mini goshi. Na haɗiye ta, na ce, "Tana ciwo." A raina na ce, kin gani, na iya. Da a nan na tsaya da na fita da mutuncina.

Amma aka ci gaba. Kana iya hawa bene? Ma agdar. (A bene muke zaune, kullum sai na hau, da ƙyar dai.) Kana iya tafiya zuwa masallaci? Ma agdar. Kana iya ɗaukar jarkar ruwa? Ma agdar. Har na fara jin daɗin abin, na ƙara da nishin da aka gyara mini. Sai ya ce yaya nake salla. Na ce a kujera, kuma wannan gaskiya ce tsantsa. Ya ce, "Durƙusawa fa? Ko kaɗan?"

Na ce, "Wallahi ko kaɗan. Tun ranar da abin ya faru gwiwar nan ba ta taɓa ƙasa ba."

Wannan ma gaskiya ce a lokacin da na faɗe ta. Ba ta daɗe tana gaskiya ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ma'aikacin da ke kiran suna ya leƙo ya ce tafintan wannan mutumin ya iso. Na ce a raina wane tafinta kuma? Ilu dai ko da kuɗi ba zai zo nan ba. Na waiga.

Baba ne. Farar jallabiya, farar hula, carbi a hannu, yana haki kaɗan saboda sauri.

Ni dai ban yanke shawarar komai ba, wannan ina iya rantsewa a kai. Abin da na sani shi ne ga surukina a gabana, ni kuma ina tsaye ƙiƙam a kansa da takalmi a ƙafa. Sai ji na yi sandar ƙarfe ta faɗi ƙasa da ƙara, takalmana sun fita, ni kuma ina ƙasa a durƙushe, kaina a sunkuye, hannu ɗaya a kan ɗaya.

"Baba, ina kwana."

Ɗakin ya yi tsit. Babu abin da ake ji sai na'urar sanyaya ɗaki da sandar nan da ba ta gama gangarawa ba. A cikin shirun ne hankalina ya dawo, ya tarar da ni a ƙasa.

Likitan ya cire tabaraunsa a hankali ya ajiye. Ya ce, "Masha Allah. Na daɗe ina aikin nan, ban taɓa ganin waraka mai sauri haka ba. Wane ne wannan shehin? Mu ɗauke shi aiki, mu huta." Na gefensa ya rufe baki da takarda, kafaɗunsa suna rawa. Sannan dattijon ya daina murmushi. Ya ce, "Ya hajji, yanzu ka rantse mini. Ka ce salla a kujera kake yi. Ga wannan bawan Allah kuma ka kai ƙasa?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na ga iƙamata ta tafi, na ga kaina a jirgi, na ga layin nan na maƙabarta babu mai zuwa.

Baba ne ya yi magana. Bai ɗaga murya ba. Da Larabcinsa na mutanen Jidda ya ce, "Likita, mijin 'yata ne. A garinsu ba a gaida suruki a tsaye. Salla Allah ya yi masa rangwame, ya ce ya zauna. Al'adar garinsu ce ba ta san rangwame ba. Ba sai mun yi gardama ba. Ku ce masa ya tashi."

Likitan ya ce, "Tashi."

Na dafa ƙasa na yunƙura. Wani abu ya soke ni tun daga gwiwa har cikin kai. Na sake yunƙurawa, gumi ya karyo mini, ƙafar ta ƙi. Na ɗaga kai na kalli likitan, na ce, "Ma agdar." Duk ma agdar ɗin da na zuba a ɗakin nan tun safe, wannan ce kaɗai ta fito daga cikina, kuma ina jin ya ji bambancin.

Nas ɗin ya zo ya kama ni ta hagu. Ni ba ƙaramin mutum ba ne, shi kuma ɗan siriri, sai ya kasa. Kafin wani ya motsa, Baba ya sa carbinsa a aljihu, ya sunkuyo ya zura hannunsa a hammatata ta dama. Mutumin da ko musafaha ban taɓa yi da shi ba. Kuma a tuna, bisa umarnin Ilu, rabona da sabulu tun shekaranjiya, ga zafin Jidda, ga gumin tsoro. Suka ɗaga ni suka ɗora a kan kujerar da na ce ba zan iya zama a kai ba. Baba ya miƙe, ya ɗan kau da fuska, ya ce da Hausa a hankali yadda ni kaɗai zan ji:

"Malam, ruwa aka ɗauke a gidan naku?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi mini ciwon gwiwar zafi.

Aka ɗage jallabiyar. Gwiwar ta riga ta fara kumbura, muna kallo tana tashi kamar ƙullin fanke. Likitocin suka zagayo suka taɓa, suka ɗaga hoton ƙashin suka duba, suka yi 'yan maganganunsu. Dattijon ya koma mazauninsa ya ce da ni, "Kai ka yi shiru yanzu." Ya juya ga Baba ya maimaita tambayoyin nan duka.

Sai na ji Baba yana ba da labarina. Ya ce bene ina hawa, amma da ƙafar hagu nake jan ta dama, ina hutawa a tsakiya. Ya ce masallaci ina zuwa, sai dai nakan fita kafin kowa don in isa. Ya ce jarkar ruwa ina ɗauka idan ƙarama ce. Ya ce idan gari ya yi sanyi ba na barci, nakan zauna a bakin gado ina murza ta, ina tsammanin ba a gani. Duk abin da na ƙara ya rage shi, duk abin da da zan ɓoye ya fito da shi. Ban taɓa gaya masa ko ɗaya ba. Mutum ɗaya ce ta san waɗannan abubuwa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana da ke can tsakiyar ɗaki, ɗaya a kife.

Likitan ya gama rubutu, ya ce za a kira ni. Ya ƙara da cewa, "Kuma idan za ka dawo, ka bar sandar nan a gida. Ba tsawonka ba ce."

A tasi Baba ya shiga gaba, ni na miƙe ƙafa a baya. Muka yi nisa. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Abokin nan naka mai yadi ne ya gaya mini ranar. Ya gaya wa duk Bab Makka." Ya ɗan ja carbi. "Ramlatu tana asibiti ta sa na yi mata alkawari. Ta ce, Baba, duk ranar da aka kira shi ka bi shi, don idan an tambaye shi cewa zai yi da sauƙi. Ba ta san za ka samu wani malamin ba."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

"Ni ban yi fushi ba. Ɓuyar da kake yi mini ce ba na so. Ka ɗauka ban gan ka kana leƙen lungu ba?" Sannan ya ce, "Ta kuma ce in gaya maka..."

Daidai nan direban ya tambaya ta wace ƙofa zai shiga Balad. Baba ya juya yana nuna masa hanya, suka shiga gardamar inda cunkoso ya fi yawa. Har muka sauka bai koma kan maganar ba.

Bayan wani lokaci aka kira ni. Sun rubuta abin da ke akwai, ba ƙari ba ragi. Yanzu ina bakin ƙofar sito a kan kujerata, motocin shinkafa suna wucewa ina ɗaga musu hannu, ba na gaba da kowa. Da na mayar wa Ilu da sandarsa ya ce, "Ka gani? Ma agdar ce ta yi aiki." Na ce ƙwarai, amma ba tasa ba. Ya ce Bakano dama bai iya godiya ba. Har yau idan na shiga shagon sai ya tuɓe takalmi ya yi kamar zai durƙusa.

Abin da na koya dai kaɗan ne. Idan mutum zai je inda za a auna shi, ya je da jikinsa na kullum, don na aro yakan gudu ya bar shi da zarar surukinsa ya shigo. Ka da ya nemi sirrin ofis wurin wanda bai taɓa shiga ofis ba. Kuma ko me aka ce masa, ya yi wanka.

Duk Juma'a idan na dawo daga maƙabarta nakan biya wurin Baba. Ya sa an ajiye mini kujera a bakin ƙofar ɗakinsa daga waje, don in zauna kafin ya fito, kar jikina ya sake yin abin da ya saba. Takalmi dai ina tuɓewa, wannan ya haƙura ya bar ni. Mukan sha shayi, mu yi maganar zafi da tsadar kaya da Salma. Sau da yawa nakan shirya tambayar tun daga hanya, idan ya fito kuma sai in ce ina wuni. Har yau ban tambaye shi abin da ta ce ya gaya mini ba.